Haɗin Irin Shanu Domin Nama a Ƙasar Tawa: Tambayoyin Masu Garke da Amsoshinsu

Tun da hotunan manyan bijimai na Burazil da Afirka ta Kudu suka fara yawo a wayoyin mutane, 'yan kasuwa da ma'aikatan da suka ajiye aiki da matasa masu son kafa gandun kiwo suke ta kawo tambayoyi kan yadda za su haɗa shanunmu na gida da na waje domin samun nama mai yawa. An tattara waɗanda aka fi maimaitawa a nan, kuma an amsa su bisa yanayin jihar Tawa ta Nijar, inda ruwan sama a shekara bai cika wuce milimita 400 ba a kewayen birnin, kuma zafin watannin Afrilu da Mayu yake haura digiri 40 kusan kullum.

Mene ne haɗin iri, kuma me ake nema da shi?

Haɗin iri shi ne a sa bijimin wani jinsi ya barbari saniyar wani jinsi dabam, da nufin a samu maraƙin da ya kwaso alherin ɓangarorin biyu, wanda masu kiwo suke kira ruwa biyu. Abu biyu ake nema. Na farko shi ne a haɗa halayen da ba a samunsu tare a jinsi guda, wato juriyar zafi da yunwa da ƙishirwa ta shanunmu masu tozo, da saurin girma da cikar cinya na shanun ƙasashen sanyi. Na biyu kuwa wani ƙarfi ne da yake bayyana a jikin 'ya'yan farko idan iyayen sun yi nisa da juna a asali, wanda a nan za mu kira ƙarfin gauraya. Maraƙin da ya samu wannan ƙarfi yakan fi matsakaicin iyayensa biyu girma da lafiya, kuma idan mace ce takan fi su saurin ɗaukar ciki da iya renon ɗa. Ƙarfin ya fi yawa idan aka haɗa mai tozo da marar tozo, domin tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakanin jinsi biyu masu tozo.

Me zai hana a kawo shanun Turai zalla, tunda sun fi nama?

Zafi ne zai hana. Shanu irin su Charolais da Limousin na Faransa, da Angus da Hereford na Birtaniya, an tsara jikinsu ne a ƙasashen da ciyawa take ɗanya mafi yawan shekara, gashinsu mai kauri ne, kuma ba sa fitar da zufa kamar namu. Idan rana ta take a watan Mayu, irin wannan dabba takan daina cin abinci ta tsaya tana haki, mace ta kasa riƙe ciki, namiji kuma maniyyinsa ya raunana. Saniyarmu tana da gajeren gashi mai santsi, da sakakkiyar fata mai reto a wuya da ke taimaka mata fitar da zafi, da ƙafafun da za su kai ta rijiya mai nisa su dawo da ita, kuma idan abinci ya yi ƙaranci jikinta yakan rage buƙatarsa har damina ta sauka. Waɗannan halaye ba a sayensu a kasuwa, ɗaruruwan shekarun fari ne suka tace su.

Waɗanne shanu muke da su a gida da za a gina a kansu?

Nijar tana da manyan jinsuna biyar: Azawak, da jajayen shanun Bororo masu dogayen ƙaho waɗanda a Najeriya ake kira Rahaji, da Jalli na bakin kogin Kwara, da Gudali wanda aka fi sani da Bokoloji a wajen Sakkwato da Ƙonni, da Kuri na tafkin Cadi mai kumburarren ƙaho wanda ba shi da tozo.

A ƙasar Tawa maganar ta fi karkata kan Azawak, domin sunansa ma daga kwarin Azawak da ke arewacinmu ya fito, kuma a wasu wurare shanun Adar ake ce musu. Saniyar Azawak takan kai kilo 250 zuwa 300, bijimi kuma ya kama daga 350 har zuwa 500 idan ya samu kiwo, kuma idan aka yanka shi naman da ake ratayewa yakan kai wajen rabin nauyinsa yana da rai. An san ta a matsayin saniyar da ta fi kowace nono a yankin Sahel, abin da masu neman nama suke yawan mantawa da muhimmancinsa, alhali nonon uwa ne yake gina maraƙi a watanni shida na farko. Ga ta da sanyin hali, tana karɓar turke ba tare da wahala ba. An shafe shekaru da dama ana tace wannan jinsi a tashar gwaji ta Tukunus da ke gundumar Filinge, kuma a nan jihar Tawa akwai cibiyar yaɗa irinsa a Ibesetan, wajen Abalak. Duk mai son haɗin iri a wannan yanki, a ganina, ya kamata ya ɗauki saniyar Azawak a matsayin uwar garke, sa'an nan ya yi tunanin bijimin da zai kawo mata.

Yaya sauran ƙasashe masu zafi suka bi da wannan lamari?

Tarihinsu yana da darasi iri uku, kuma yana da kyau a san dukansu kafin a kashe ko dala.

Akwai waɗanda suka haɗa suka dace. A kudancin ƙasar Amurka, inda zafi da kaska suke wahalar da shanun Birtaniya, an tattara shanun Indiya irin su Guzera da Gir da Nelore aka fitar da jinsin Brahman, wanda aka kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1924. Daga nan gandun King Ranch na jihar Texas ya haɗa Brahman da Shorthorn na Birtaniya ya fitar da Santa Gertrudis, wanda aka amince da shi a matsayin jinsi a 1940, kashi uku cikin takwas na jininsa Brahman ne, biyar kuma Shorthorn. Haka jinsin Brangus yake, da Angus a madadin Shorthorn. A Afirka ta Kudu kuwa Farfesa Jan Bonsma ya juya lissafin a tashar Mara: ya ba wa jinsin gida na Afrikaner kashi biyar cikin takwas, ya bar uku kacal ga Hereford da Shorthorn, aka samu Bonsmara. Abin lura a nan shi ne wanda ya yi aikinsa a ƙasar Afirka mai zafi da fari jinin gida ya rinjayar.

Akwai kuma waɗanda suka tsaya kan mai tozo suka tace shi. Burazil, wadda take cikin manyan masu fitar da naman shanu a duniya, mafi yawan garkenta na nama Nelore ne, zuriyar shanun Ongole na Indiya. A Kenya masu gandu sun ɗauki shanun Boran na makiyayan kudancin Habasha da arewacin Kenya suka riƙa zaɓen mafi kyau suna barbara da su, har Boran ya zama jinsin da ƙasashen waje suke saye.

Na uku su ne waɗanda suka gamu da cikas. A tashar Wakwa da ke kusa da Ngaundere a Kamaru, an shigo da Brahman daga Amurka a shekarun 1950 aka haɗa shi da Gudali. 'Ya'yan sun yi girma, amma cutar kirci ta addabe su fiye da yadda take addabar Gudali na gida. Brahman mai tozo ne, mai jure zafi ne, amma hakan bai hana wata cutar da bai saba da ita ba ta kama zuriyarsa.

Kashi nawa na jinin waje ya dace da yanayinmu?

Kada ya wuce rabi, kuma rabin ma sai inda akwai inuwa da ruwa a kusa da abincin rani a ajiye. Ga dabbar da za ta fita kiwo ta wuni a daji, kashi ɗaya cikin huɗu ya fi aminci. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ga 'ya'yan farko sun yi kyau sai ya sake kawo wa 'yan matan cikinsu bijimin waje, jinin ya koma kashi 75 cikin ɗari, a zubi na gaba ya haura 87, har ya wayi gari da garken shanun Turai a tsakiyar Adar.

'Ya'yan farko sun yi kyau ƙwarai, amma jikokin sun fito barkatai. Me ya jawo haka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi zuwa da ɓacin rai, kuma amsarta tana cikin yadda gado yake rabuwa. Kowane maraƙi na zubin farko ya karɓi rabi cif daga uba da rabi cif daga uwa, shi ya sa suke fitowa kusan kai ɗaya, kuma ƙarfin gauraya yake cika a jikinsu. Idan aka bar ruwa biyu ya barbari ruwa biyu, gadon yakan sake watsewa: wani ɗan ya ɗebo gashin kakansa na Turai ba tare da namansa ba, wani ya ɗebo ƙaramin jiki, kuma rabin ƙarfin gaurayar ya zube a zubi guda.

Hanyoyi uku ake bi a kauce wa haka. Ta farko, wadda na fi ba da shawara a kanta ga ƙasar Tawa, ita ce haɗin yanka: a raba garken uwaye biyu, mafi kyawunsu a bar su da bijimin Azawak domin su haifi karsanun da za su gaji garke, sauran kuma a ba su bijimin nama, kuma duk abin da suka haifa, mace da namiji, a turke shi a sayar wa mahauta. Ta biyu ita ce karɓa-karɓa tsakanin bijimai na jinsi biyu, inda 'yar wannan take zuwa wa wancan. Da wannan ake riƙe kimanin kashi 67 cikin ɗari na ƙarfin gauraya, da jinsi uku kuma kimanin kashi 86, sai dai tana buƙatar shinge da rabon garke da rubutu mai tsauri. Ta uku ita ce gina sabon jinsi kamar yadda aka yi da Bonsmara, kuma wannan aikin hukuma ne da jami'a, mai cin dubban shanu da gomman shekaru.

Wane bijimi ya kamata a nema?

Kafin a tsallaka teku a duba maƙwabta. Gudali yana da faɗin jiki da cikar nama da sanyin hali, yana nan kusa a kasuwannin kudancin jihar, kuma ɗansa da Azawak ba ya rasa komai na juriyar zafi, ko da yake ƙarfin gaurayar ba zai kai na haɗi da marar tozo ba. Daga waje, masu tozo irin su Guzera da Brahman da Boran sun fi kusa da yanayinmu. Idan kuma an ƙudurta kawo jinin Turai, a fifita mai jan gashi ko ruwan ƙasa mai santsi a kan baƙi, domin baƙin gashi yana zuƙar rana. An haɗa Azawak da wani jinsin Turai mai suna Brune des Alpes a Nijar, amma wannan haɗi an fi yin sa domin nono.

Gargaɗi ɗaya ba ya da sassauci: kada a ba karsana mai cikin fari bijimin jinsi mai manyan 'ya'ya kamar Charolais. Saniyar da nauyinta bai kai kilo 300 ba ta saba haifar ƙaramin maraƙi, kuma idan ɗan ya fi ƙarfin ƙugunta a ruga mai nisa da likitan dabbobi, ana iya rasa uwa da ɗa a dare ɗaya. Irin wannan haɗi sai ga saniyar da ta haihu sau biyu ko uku lafiya.

Shin ruwa biyu zai yi ƙiba da abincin da shanunmu suka saba ci?

Ba zai yi ba, kuma a nan ne mafi yawan gandaye suke karyewa. Saniya tana cin busasshen abinci kimanin kashi biyu da rabi cikin ɗari na nauyinta a kowace rana, wato mai kilo 250 tana buƙatar kilo shida da ɗoriya, mai kilo 400 kuma kilo goma, ban da ruwan sha da zai iya kai lita 40 ko 50 a tsakiyar bazara. Jikin da aka tsara domin saurin girma ba ya iya rage buƙatarsa idan abinci ya yanke, don haka a watannin da Azawak take ramewa a hankali tana jiran ruwa, ruwa biyu yakan zube da sauri, kuma shi yake fara kwanciya. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san cewa manyan shanu masu yawan ci ne suka riga sauran faɗuwa.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ciyawar dajinmu, ƙarangiya da 'yan uwanta, tana da amfani daga Yuli zuwa Oktoba, bayan haka takan bushe ta zama kara marar ƙarfi. Mai son ruwa biyu dole ne ya lissafa abincin watanni takwas tun da kaka: harawar wake da ta gyaɗa a ɗaure a ɗora bisa rumfa kafin rana ta cinye ganyen, karan dawa da na gero a daddatse, dusa da ƙuli-ƙuli ko anguriya a saya lokacin da suke da araha, kanwa da gishirin lasa kuma kada su yanke. Inda akwai gawo, 'ya'yansa suna zuba daidai lokacin da ake tsananin buƙatarsu. Masu fili a fadamun Maggiya ko kwarin Keita, ko kusa da tafkin Tabalak, suna iya noma ciyawa da ban ruwa, kuma su ne suka fi cancantar gwada wannan kiwo.

Na taɓa ganin garken da mai shi ya kashe dukiya wajen sayen iri bai ware komai domin harawa ba. Maruƙan sun ba kowa sha'awa a watan Satumba, amma kafin watan Mayu ana tallabarsu ne a tashe su tsaye. Abin ya daɗe yana damuna, domin kuɗin da ya tafi kan irin, da an zuba shi a abincin shanun Azawak ɗin da yake da su tun farko, da ya fitar da bijimai masu kyau zuwa kara.

Barbarar allura ta fi, ko ajiye bijimi?

Barbarar allura, wato likita ya saka wa saniya maniyyin da aka daskarar, tana raba mutum da wahalar ciyar da bijimin waje wanda zafi zai iya kashewa, kuma tana rage yaɗuwar cututtukan barbara. Amma tana da sharuɗɗa. Maniyyin yana zaune ne cikin ruwan azot mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma idan tulun da ake ajiye shi a ciki ya ƙafe sau ɗaya a hanya tsakanin Yamai da Tawa, tafiyar fiye da kilomita 500, duk abin da ke ciki ya mutu ko da ido bai ga alama ba. Saniya tana neman namiji ne kusan kowane kwana 21, kuma a masu tozo alamar gajeriya ce, sau da yawa cikin dare take zuwa, shi ya sa likitoci suke amfani da magani su daidaita lokacin shanu da yawa a tare. Ko an yi komai daidai ba duka suke ɗauka a karon farko ba, ramammiya kuwa da wuya ta ɗauka. Saboda haka a ajiye bijimin gida mai kyau wanda zai bi bayan allura, ɗaya ga shanu 25 zuwa 30. Ciki yakan ɗauki wata tara da 'yan kwanaki, don haka barbarar Satumba da Oktoba, lokacin da shanu suke da jiki, ita take kawo haihuwa a farkon damina.

Waɗanne cututtuka ne suka fi barazana?

Kaska da cututtukan jini da take ɗauke da su su ne na gaba, sai kirci a lokacin damina. Ciwon huhu da boru da harbin daji da saifa suna kama kowane jinsi, amma boru ya fi jigata mai jinin waje. A riƙa kai garke rigakafin shekara-shekara da ma'aikatar kiwo take gudanarwa. Ɗakin binciken LABOCEL da ke Yamai yana sarrafa alluran wasu daga cikin waɗannan cututtuka. Duk bijimin da aka sayo a ware shi na wasu makonni, a kuma gwada jininsa saboda bakkale, cutar da take sa ɓari kuma take kama mutum ta hanyar ɗanyen nono. Sammore ba ta dame mu sosai a nan ba saboda ƙudan tsando ba ya zama a busasshiyar ƙasa, amma garken da yake gangarawa kudu da rani yana iya kwaso ta.

Makiyayi mai tafiya da garkensa arewa da damina zai amfana da wannan?

Da jinin Turai, a'a. Dabbar da za ta taka daga Adar zuwa wajen Ingal shan gishiri ta dawo tana buƙatar ƙafa da juriya fiye da faɗin cinya, kuma Fulani da Buzaye sun daɗe da sanin zaɓen bijimi bisa tarihin uwarsa da kakarsa. Abin da zai ƙara musu shi ne samun bijiman Azawak ko Bororo tatattu, da dandaƙe mazan da ba su cancanci barbara ba tun suna ƙanana.

Ba a jin tsoron Azawak na asali ya ɓace?

Ana ji, kuma tsoron yana da tushe. Bijimi ruwa biyu guda ɗaya da aka saki a mashaya yana iya barbarar shanun mutane da yawa ba tare da sanin masu su ba, kuma jinin da ya shiga garke ba a tsame shi. Shanun Kuri sun riga sun ragu saboda gauraya da masu tozo a kewayen tafkin Cadi, har ana kiwonsu a cibiyar Sayam ta jihar Diffa domin adana irin. Haƙƙi ne a kan duk mai haɗin iri ya dandaƙe mazan ruwa biyu ko ya tsare su a turke, kuma idan zai sayar da mace ya faɗa wa mai saye gaskiyar jininta. Shi kansa haɗin ba ya yiwuwa sai da uwaye tsantsa, domin daga gare su ake samun zubin farko a kowace shekara.

Akwai riba a kasuwa, kuma a ina ake iya kafa gandu?

A kasuwannin Tawa da Abalak da Badagishiri da Tunfafi da ido ake sayen sa, dillali ya duba tozo da gindin wutsiya ya yanka kuɗi, kuma yawancin manyan bijimai ta Ƙonni da Illela suke bi zuwa Najeriya. Fatake suna biyan girma da ƙiba, saboda haka ribar ruwa biyu tana cikin kai wa nauyin yanka da wuri, a rage yawan ranin da za a ciyar da shi. Masu kilishi kuma suna son faffaɗar tsokar cinya marar kitse da yawa. Mai gandu ya nemi mahauci ko mai sayen da zai yarda da awon kilo tun kafin ya fara turke.

Game da fili, dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kuma dokar makiyaya ta 2010 ta tabbatar da cewa yankin kiwo na kowa ne, ba a killace shi domin amfanin mutum ɗaya. Gandu sai a filin da mutum ya mallaka a yankin noma, da takardar hukumar filaye, ba tare da toshe burtali ko mashaya ba.

Mai shanu ashirin da yake son farawa, ta ina zai soma?

Ya soma da littafi da alƙalami. Kowace saniya a sa mata lamba a kunne, a rubuta ranar haihuwarta, da bijimin da ya hau ta, da tazarar da ke tsakanin haihuwa da haihuwa, kuma a riƙa auna ƙirjin maruƙa da igiyar awo kowane wata idan babu sikeli. Shekarar farko ta tafi a kan gyaran abinci da ruwa da rigakafi, tare da fitar da shanun da suke shekara biyu ba su haihu ba. A shekara ta biyu ya ware biyar ko shida daga cikin manyan da suka saba haihuwa ya gwada haɗin a kansu, sauran su zauna da bijimin Azawak mafi kyau da zai iya samu. Maruƙan ɓangarorin biyu a ciyar da su abinci iri ɗaya, a rubuta abin da kowanne ya ci da kuɗin maganinsa har ranar da aka kai shi kara, sa'an nan a cire abin da aka kashe daga abin da aka sayar. Daga barbara zuwa wannan rana zai ɗauki kimanin shekara uku, kuma kada a ƙara yawan shanun da ake haɗawa sai maruƙan farko sun ƙetare bazara biyu.